Yaro ya karye a gwiwar hannu, sun ce sai an sa masa waya: dole ne?

Uwar Yara Uku
Assalamu alaikum jama'a. Don Allah wanda ya san abin nan ya yi min bayani kafin gari ya waye. Autana mai shekara 6 ya faɗo daga kan lilo da yammacin nan, ya dafa ƙasa da tafin hannun hagu, hannun a miƙe. Kafin mu isa asibiti gwiwar hannun ta kumbura suntum, kuma ta murguɗe. An yi hoto, likita ya ce ƙashin damtse ne ya karye daga ƙasa, dab da gwiwa, ɓangarorin biyu sun rabu gaba ɗaya. Sun ɗora masa rabin filasta sun kwantar da mu, wai gobe da safe za a shiga da shi tiyata a soka masa wayoyi. Abu biyu ne suka hana ni sukuni. Yaro ƙarami haka, me ya sa ba za a ja hannun a sa filasta kawai ba? Sannan in har abin ya kai a yi tiyata, me ya sa za a bari sai gobe? Ina zaune bakin gadonsa, ya samu barci, ni kuwa idona biyu.

Kawun Yara
Wa alaikumus salam. Allah ya ba shi lafiya, 'yar'uwa. Ni dai gaskiya ban ga dalilin soka wa yaro ƙarfe ba. Ina shekara tara na karye a wuyan hannu, ƙashin har ya karkace, aka ja aka sa filasta mako shida. Yau in na miƙa miki hannuwan biyu ba za ki iya nuna wanda ya karye ba. Ƙashin yaro ɗanye ne, da kansa yake miƙewa. Ki tambaye su da kyau kafin ki sa hannu a takarda.

Likitan Ƙashi
Sannu Hajiya, Allah ya sawwaƙe. Ban ga hoton ba, don haka maganar likitan da ke tare da ke ita ce gaba da tawa. Amma abin da kika kwatanta karaya ce da muke gani kullum. Ita ce ta fi kowacce yawa a gwiwar hannun yara, ta haura rabi, kuma ta fi samun 'yan shekara 5 zuwa 7, ta hanyar da kika faɗa ɗin nan: faɗuwa a kan miƙaƙƙen hannu.

Malam Kawu, labarinka gaskiya ne, amma wuyan hannu daban, gwiwa daban. Ƙashin yaro yana tsawo ne daga wasu faifan guringuntsi da ke kusa da bakinsa. Inda faifan ke aiki sosai, karkata tana gyaruwa da girma. Wuyan hannu yana cikin irin waɗannan wurare, shi ya sa naka ya miƙe. Shi kuwa ƙashin damtse, kusan kashi 80 cikin 100 na tsawonsa daga wajen kafaɗa yake fitowa, ɓangaren gwiwa kashi 20 kacal. To wurin da ba ya girma sosai ba ya gyara kansa sosai. Musamman in ƙashin ya karkata gefe ko ya murɗe, yadda ya haɗe haka yaro zai girma da shi.

Wani likitan Amurka mai suna Gartland ya kasa wannan karaya gida uku a 1959, har yau da shi muke aiki. Mataki na ɗaya, ƙashi ya tsage bai goce ba: filasta kawai, mako uku ko huɗu. Na biyu, ya karkata amma bayansa na haɗe: wasu a gyara a sa filasta, da yawa kuma waya ake sa musu. Na uku, ya rabu kwata-kwata. Na ɗanki a nan yake bisa bayaninki.

Dalilin da filasta kaɗai ba ta isa ba a mataki na uku shi ne siffar wurin. Ƙashin a nan faffaɗa ne siriri, da rami gaba da rami baya, tsakiyarsa kamar bakin wuƙa. Ki ɗauka ana so a tsayar da bakin wuƙa a kan bakin wuƙa. Ko an daidaita, da yaro ya motsa sai ya zame. A da, don a hana shi zamewa, sai a naɗe gwiwar sosai a sa filasta. Matsalar ita ce babbar jijiyar jini ta gaban gwiwar take wucewa, kuma hannun a kumbure yake. In ka naɗe shi da yawa ka shaƙe ta. Wayar ita ke riƙe ƙashin, sai a samu damar barin hannun a ɗan buɗe, jini ya yi ta gudu.

Uwar Yara Uku
Na gode likita, Allah ya saka da alheri. To yanka shi za a yi?

Likitan Ƙashi
Galibi ba a yanka. Za a sa shi barci, a ja hannun a hankali, a mayar da ƙashin mazauninsa ana kallo a wata na'urar hoto mai lanƙwasa da ke nuna ƙashi nan take. Sai a soka wayoyi biyu ko uku ta fata. Siraran ƙarfe ne masu santsi, kaurinsu bai wuce milimita 2 ba. Sunan wani likitan Jamus, Kirschner, suke ɗauke da shi, shi ya fito da su a 1909. Ana lanƙwasa bakinsu a bar shi a waje ƙarƙashin filasta don a ji daɗin cirewa. Ana buɗe fata ne in ƙashin ya ƙi komawa saboda tsoka ta shiga tsakani, ko in akwai rauni a buɗe, ko jini ya ƙi zuwa hannun.

Maganar jira kuwa, jini ne ke yanke hukunci. In hannun ya yi sanyi, ya koɗe, babu bugun jini a wuyan hannu, ba a jiran safiya, ko ƙarfe biyun dare ne shiga ake yi. Haka in ƙashi ya huda fata. Amma in yatsu da ɗumi, jini na zuwa, to a jira safiya a yi da cikakkun ma'aikata, cikin yaro babu abinci, ya fi a yi a gurguje. Jiran ba sakaci ba ne muddin ana duba hannun.

Sista ta Ɗakin Yara
Maman yaro, tunda idonki biyu, bari in ba ki aiki, ke ce kika fi kowa kusa da shi. Ki matsa farcensa har ya yi fari, ki saki. Ya kamata ja ya dawo cikin daƙiƙa biyu. Ki taɓa yatsun ki gwada ɗuminsu da na ɗaya hannun. Ki ɗora hannun a kan filo daidai da ƙirjinsa. In ya farka ki sa ya yi miki abu uku: ya ɗaga babban yatsa sama, ya haɗa kan babban yatsa da manuniya su yi zobe, ya ware yatsunsa duka ya haɗe. Kowanne jijiya guda yake gwadawa.

Abin da na fi so ki riƙe shi ne wannan. Yaro ba ya iya cewa "hannuna ya matse". Abin da za ki gani shi ne ya kasa kwanciya, ya yi ta firgita, kuma maganin ciwon da ya kwantar da shi ɗazu yanzu ba ya yi masa komai. In kika ga haka, ko kika ɗan miƙar masa da yatsu ya ƙwalla ƙara fiye da kima, kada ki ji nauyin kowa, ki taso mu. Na fi son a tashe ni sau biyar a banza da a bar ni in yi barci sau ɗaya.

Likitan Ƙashi
Sista ta faɗi abin da ya fi komai. Kumburi ne ke taruwa cikin tsokar hannu har ya hana jini shiga. In aka yi awanni a haka tsokar ta mutu, ta ƙanƙance, yatsu su ƙudundune kamar ƙafar tsuntsu, kuma ba su cika dawowa daidai ba. Volkmann ya bayyana wannan tun 1881. Ɗauri mai tsauri a kan kumburarren hannu yana daga manyan abubuwan da ke jawo shi, shi ya sa suka sa rabin filasta maimakon zagayayya.

Uwar Yara Uku
Ya farka yanzu, asuba ta kusa. Yatsun da ɗumi, farcen yana dawowa ja da sauri. Ya ɗaga babban yatsa, ya ware yatsu. Amma zoben nan ya kasa. Yana haɗa yatsun biyu a shimfiɗe kamar mai ɗaukar gishiri, gaɓar ƙarshe ba ta lanƙwasuwa. Na ce ya gwada da hannun dama ya yi tsaf. Jikina ya yi sanyi wallahi.

Likitan Ƙashi
Kin yi aiki mai kyau. Ki faɗa wa likitansa yanzu, kafin a shiga, a rubuta. Wani reshen jijiya ne da ke lanƙwasa kan waɗannan yatsu biyu, kuma shi ne ya fi buguwa a irin wannan karaya. Yawanci miƙewa ya yi ko ƙashi ya danne shi, bai tsinke ba. Irin wannan yana farfaɗowa da kansa cikin wata biyu zuwa uku, wani lokaci har shida. Amfanin a rubuta tun yanzu shi ne a san faɗuwar ce ta jawo, kada gobe a rikice a zaci aikin ne.

Mai Sa Barci
Hajiya, ni ɓangarena barcin ne. Kada ki ba shi komai saboda tausayi, ko zai yi kuka. Ƙa'idar da aka saba: awa 6 babu abinci ko madara, ruwa zalla kuma a tsaya awa 2 kafin aiki, wasu asibitoci sun rage zuwa awa 1, ki bi abin da suka ce miki. Karaya da maganin ciwo suna sa ciki ya yi jinkirin narkar da abinci, kuma abin da muke tsoro shi ne amai ya koma huhu yana barci. Ki gaya musu in yana mura ko tari, in yana da asma, in haƙorinsa na girgiɗi, da kuma in wani a danginku ya taɓa samun matsala da maganin barci. In ya farka da rigima ko bai gane ki ba na 'yan mintoci, ba wani abu ba ne, yana wucewa.

Kawun Yara
Likita na ji bayaninka, kuma na karɓi maganar jini. Amma ban gamsu gaba ɗaya ba. Kai da bakinka ka ce akwai faifan girma a wurin. In aka soka ƙarfe ta cikinsa ba za a lalata shi ba? Kuma a ce hannun ya ɗan karkace, in dai yana aiki, me ya yi zafi? Ni ina ganin wani lokaci ana neman kyan hoto ne fiye da lafiyar yaro.

Ɗan'uwanku
Malam, bari in amsa maka rabin tambayar, don ni a jikina take. Ina shekara bakwai na yi irin wannan karaya, aka sa filasta, ƙashin ya zame a ciki ba wanda ya sani. Yanzu shekarata 34. In na sauke hannuwana, na dama yana ɗan buɗewa waje kamar na kowa, na hagu kuwa daga gwiwa ya karyo ciki ya nufi cinyata. Ina aiki da shi, ban musa ba. Amma tun ina makaranta ban sa riga mai gajeren hannu ba, kuma da na fara ɗaukar kaya masu nauyi sai gwiwar ta fara yi min kamar za ta zame. Da na je a duba aka ce gyaran sai an sake yanke ƙashin an cire wani yanki an ɗaure da ƙarfe. Wato babban aiki a madadin ƙaramin da ba a yi ba. Da iyayena sun samu zaɓin da wannan baiwar Allah ta samu, na san abin da zan roƙe su.

Likitan Ƙashi
Na gode ɗan'uwa, ka fi ni iya faɗa. Malam Kawu, tambayarka ta faifan girma tana kan hanya. Saboda shi ne muke amfani da waya siririya mai santsi, ba mai zare ba, kuma ba ta wuce makonni a ciki. Ƙaramin rami irin wannan ba kasafai yake taɓa girma ba. Sannan na yarda da kai a wani wuri: ba kowace karaya ce ke son tiyata ba. A mataki na biyu mu kanmu muna saɓani, wani ya sa waya, wani ya gyara ya sa filasta ya sake hoto bayan mako. Amma a na uku ban san likitan ƙashin da zai bar ɗansa da filasta kaɗai ba in akwai halin yin waya.

Baban 'Yan Biyu
Ina bin zancen nan tun dare. Ina so in ja kunnen iyaye kan wata karayar da ba ta da ban tsoro a ido. 'Yata tana da shekara 5 ta faɗi, gefen gwiwar na waje ya ɗan kumbura, tana ma motsa hannun. A hoto wani ɗan ɓalli ne kamar farce, aka ce tsagewa ce, aka sa filasta aka ce mu dawo bayan mako a sake hoto. Da na ga tana wasa sai na yi sakaci, ban koma ba sai bayan mako uku. Ashe ɓallin ya goce. Sai da aka buɗe wurin aka mayar, aikin ya fi wanda za a yi da farko wuya. Alhamdu lillahi ta warke, amma har yau in na tuna raina yana ɓaci. In an ce ku dawo hoto, ku koma ranar.

Likitan Ƙashi
Wannan ita ce ta biyu a yawa, karayar dunƙulen waje, wato dunƙulen ƙarshen ƙashin damtse da ke gefen gwiwa na waje. Tana yaudara saboda yawancin abin da ya ɓalle guringuntsi ne, shi kuwa ba ya fita a hoto. Ɗan farcen da ka gani kan abin ne kawai. Gwiwar yaro tana da cibiyoyin ƙashi shida, wato wuraren da guringuntsi ke fara zama ƙashi, da ke bayyana a hoto ɗaya bayan ɗaya, daga wajen shekara 1 har zuwa 11 ko 12, shi ya sa karanta hotonta ke da wuya, har wani lokaci mu ɗauki hoton lafiyayyen hannun mu gwada. Ita wannan karayar tana shiga cikin gaɓa, tsokoki na jan ɓallin, kuma tana jinkirin haɗewa. In ta goce fiye da milimita 2 ana ɗaure ta. In aka bari ba ta haɗe ba, hannun yana karkata waje a hankali, bayan shekaru jijiyar ƙaramin yatsa ta fara mutuwa.

Akwai kuma ta ƙoƙon ciki, wato ɗan tudun ƙashin da ke gefen gwiwar hannu mai kallon jiki, wadda ta fi samun manyan yara, 'yan 9 zuwa 14, sau da yawa tare da gocewar gwiwa. In ɓallin ya faɗa cikin gaɓa dole a buɗe a fito da shi.

Ɗalibin Likita
Ranka ya daɗe, tambaya. Na ga wasu suna soka wayoyin duka ta gefen waje, wasu kuma ɗaya ta waje ɗaya ta ciki su gitta. Wanne ya fi?

Likitan Ƙashi
Ni ta waje nake yi, biyu a mataki na biyu, uku a na uku, a ware su sosai a inda karayar take, kowacce ta kama ɓangarorin biyu ta huda bangon ƙashi na can. Dalilina jijiyar da ke bayan ƙoƙon ciki, wadda in ka bugi gwiwarka kake jin tartsatsi har ƙaramin yatsa. Wayar ciki dab da ita take wucewa, kuma a kumburarren hannu ba ka jin ta da yatsa.

Wata Likitar Ƙashi
Yallaɓai, a nan zan ɗan saɓa maka. Na yarda ta waje ita ce farko, ni ma da ita nake farawa. Amma akwai karayar da gefen ƙashin na ciki ya farfashe, ko layin karayar ya yi gicciye ta yadda wayoyin waje ba su da wurin kamawa. In na sa uku na gwada a na'ura na ga yana rawa, ba na fita in bar shi haka. Ina ɗan miƙe gwiwar don jijiyar ta koma baya, in yi 'yar ƙaramar tsaga in ga ƙashin da idona, sannan in sa ta ciki. Tsoron jijiya kada ya sa mu koya wa ɗalibai cewa wayar ciki haramun ce.

Likitan Ƙashi
Ban ce haramun ba, Hajiya, kuma yadda kika kwatanta haka ya kamata a yi ta. Abin da nake gudu shi ne mai koyo ya soka ta a makance gwiwa na naɗe. Sau da yawa in wayoyin waje suka ƙi riƙewa, in ka duba za ka tarar an cusa su wuri guda ne.

Wata Likitar Ƙashi
Wannan kam gaskiya ne. Amma "sau da yawa" ba "kullum" ba ne, a bar min wannan.

Uwar Yara Uku
Jama'a an fito, alhamdu lillahi. Bai kai awa ɗaya a ciki ba. Waya uku, duka ta waje, ba a yanka ba. Sun nuna min hoton, ƙashin ya koma layi. Ya sha ruwa, yana ta tambayar wa ya naɗe masa hannu. Sun ce gobe za a sallame mu, kada filastar ta jiƙe, kada ya soka komai ciki don ƙaiƙayi, in na ji wari ko na ga zazzaɓi ko ruwa na fitowa in dawo da shi.

Kawun Yara
Barka, 'yar'uwa. Allah ya ƙara sauƙi. Ɗan'uwanku, maganarka ta tsaya min a rai tun ɗazu.

Uwar Yara Uku
Na dawo da labari, yau kwana 25. An cire wayoyin a ɗakin duba marasa lafiya, ko allura ba a yi ba. Na rufe masa ido da tafin hannuna, likita ya kama bakin wayar da filaya ya murza ya zare, kafin ya gama buɗe baki ya yi kuka har an cire ta uku. Ɗigon jini kaɗan, aka manna auduga. Amma hannun ya rame, fatar tana saɓa, kuma ya ƙi miƙewa ya ƙi naɗewa, yana riƙe da shi a ƙirji. Yayata ta ce in riƙa ja masa ina matsawa kullum, ko in ba shi bokiti da ruwa ya riƙa ɗauka don ya miƙe. In yi?

Mai Gashin Ƙashi
A'a Hajiya, don Allah kada ki yi ko ɗaya. Gwiwar hannu ba ta son dole. In aka ja ta da ƙarfi tsokar gabanta tana ƙara ɗaurewa, wani lokaci ma ƙashi ya tsiro a cikin tsokar ya kulle gaɓar. Ki bar shi ya yi da kansa: ya ci abinci da hannun, ya sa maɓallin riga, ya taje kansa, ya yi wasa da ruwa lokacin wanka, ki ajiye abin wasansa inda sai ya miƙa hannu. Yawancin yara ba sa ma buƙatar zuwa wurinmu bayan wannan karayar. Mafi yawan motsin yana dawowa cikin makonni shida zuwa wata uku, ɗan ragowar miƙewar ƙarshe kan ɗauki har shekara. Hawa bishiya da lilo da kokawa kuwa sai likitansa ya ba da izini.

Sista ta Ɗakin Yara
Ramukan wayar kuma ki bar su su bushe kwana biyu kafin ruwa ya taɓa. Yaya zoben yatsun?

Uwar Yara Uku
Sista ki yi haƙuri, sai yau na ga tambayarki, mako tara ke nan da faɗuwar. A lokacin babu wani canji, kullum da safe sai na ce ya yi min zobe, yatsun su tsaya a shimfiɗe, in juya fuska kada ya ga idona. Shekaranjiya yana tsintar wani ɗan maɓalli da ya faɗi ƙasa, sai na ga kan babban yatsan ya ɗan lanƙwasa. Na ce ya sake, ya sake. Manuniyar ba ta bi ba tukuna. Hannun yana kai cokali baki, yana taɓa kafaɗarsa, miƙewar ce saura kaɗan. Ranar Litinin za mu koma a sake dubawa.